Gurbin da Goge Ya Cike

Akwai yini guda da ba zai bar zuciyata ba, ko da sauran abubuwa sun watse. Na manta fuskokin mutane da yawa, na manta hanyar gidajen da na yi shekaru ina shiga, amma wannan yinin yana nan da zafinsa da ƙamshinsa. Shi ne yinin da mutanen rediyo suka zo Tawa ɗaukar muryar mahaifiyata, 'yan shekaru bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai.

Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma duk wanda ya tashi a Adar ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni zuwa Afala, can na girma, can na yi ɗan lakwal ɗin da na yi, wato makarantar boko. Kakata nake kira Inna. Wadda ta haife ni kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta suna faɗi. Ita ma tana da abin da take kirana da shi: "ke", ko "waccan", in ranta ya yi daɗi kuma "mutuniyar Afala". Ban taɓa ganin laifinta ba, ita ma haka aka yi mata. Sai dai tun ina ƙarama akwai abin da nake so ban gaya wa kowa ba. Ina son in ji yadda sunana yake a bakinta, ko sau ɗaya.

Yaya mawaƙiya ce. Ba ta ƙirƙirar sababbin waƙoƙi, tsofaffi take yi, waɗanda kowace mace ta sani: ta daka, ta hanyar rijiya, ta rakiyar amarya, ta reno. Amma in ta ɗauko waƙar da kika ji tun kina goye, sai ki ji kamar yau aka fara rera ta. Takan ja wata kalma har ki ce numfashinta zai yanke, sannan ta ajiye ta a hankali kamar mai sauke tulu. Da aure ya dawo da ni Tawa, matar da ke yi mata amshi ta tashi daga garin. Sai ta aiko ƙanwarta. "Yaya ta ce ki hwaɗa ma mai gidanki, in ya yarda, waccan ta zo ta riƙe mata ƙwarya." Saƙon kenan, kuma ni ce waccan ɗin. Haka na zama mai amshinta, ina zaune a gefenta a gidajen biki, kafaɗa da kafaɗa, ba ta dubana.

Da kaka suka zo, damman hatsi na shigowa gari a kan jakuna. Saurayi ne guda, mutumin Damagaram, da direbansa da wani akwati mai nauyi. Ya ce so ake a tara tsofaffin waƙoƙin ƙasa kafin masu su su tafi. Ya samu aron wani ɗaki a bayan lakwal, yara suna hutu. Ya sa aka rufe bangon da barguna da tabarmi da buzayen fata, aka toshe tagogi, aka rataya asabari a ƙofa. Da muka shiga da hantsi sai na ji kamar na shiga cikin tulu. Tarin da na yi ma bai dawo mini ba. Haske ɗan siriri ne ke saukowa ta wata kafa a rufin, ɗakin na ƙamshin ulu da tsohuwar fata.

Mu huɗu ne masu waƙar. Akwai Baba mai goge, tsohon da ya yi wa Yaya kiɗa tun kafin a haife ni, mutum mai tsada da magana. Sai kuma wani tsohon soja, ɗan Takanamat, wanda saurayin ya nemo da kansa. Ya koyi busa ƙahon Turawa na tagulla a aikin soja, ya dawo da shi a nannaɗe cikin rawani, ranar Asabar yana busawa tare da samarin da ke kiɗan rawa a gari, waɗanda ake kira 'yan jaz. Baba ya dubi ƙahon ya kau da kai.

"Wanga mazurari mi za shi yi cikin waƙar mata?"

"Baba, bin bayanka za shi yi," in ji sojan. "Can bakin teku na ga baƙaƙen mutane irinmu, na ƙetare. Mace ta ɗauko tsohuwar waƙa da kowa ya sani, ta yi ta yadda ranta ke so. Inda ta huta, ƙaho shi ba ta amsa. Na ce wallahi waɗanga dangin Yaya na."

"Dangina ba su kai bakin teku ba," in ji Yaya. "Ko Konni da ƙyar."

Saurayin ya kafa wani ƙarfe a tsakiyarmu, ya ce sunansa mikoro, shi ne kunnen akwatin. Ya ce kunnen yana jin komai, har haɗiyar miyau. Sannan ya nuna hannun Yaya cikin ladabi, ya ce awarwayenta suna magana. Awarwayen azurfa ne da ban taɓa ganin ta cire ba. Ta murza su da ƙyar suka fita, inda suka zauna ya yi fari. Ta miƙo su gefena, idonta na kan bango.

"Ke, riƙe."

Ba ni da inda zan ajiye su, sai na tura su can saman damtsena inda ba za su motsa ba. Da ɗumin jikinta a kansu.

Kafin a fara kowace waƙa saurayin yakan ɗaga yatsa ya ce, "Silans!", wato a yi shiru. Bai kai ga na uku ba sojan ya raɗa masa suna Mushe Silans, Mushe kuwa shi ne Malam a bakin Turawa, ya kuwa amsa yana dariya. Sai zaren ɗaukar murya mai ruwan ƙasa da ke kan akwatin ya fara juyawa daga wannan faifai zuwa wancan, wata 'yar allura tana rawa duk lokacin da Yaya ta buɗe baki. Waƙar farko jaki ya ɓata ta. Ta biyu kurciya ce ta sauka kan rufin ta ƙi tashi, har aka tura direba ya kore ta. Yaya kanta ba ta saki jiki ba. Ta saba rera waƙa a fuskar mutane, a yi mata guɗa, a yi mata shewa. A nan kuwa ba kowa sai ƙarfe.

"Wa nika yi ma waƙar ga?" ta tambaya.

"Duk ƙasa, Hajiya."

"Ban je Makka ba, kuma ban ga ƙasa ba. Bargo nika gani."

Sai Mushe ya juya zaren baya ya kunna mana abin da aka ɗauka. Muryar Yaya ta fito daga akwatin alhali bakinta na rufe. Ta dafe ƙirji.

"Wace ta wagga da ke kwaikwayona?"

"Ko wace ta, ta hi ki iyawa," in ji sojan.

Ta ɗaga takalminta kamar za ta jefe shi, muka yi dariya har Baba. Daga nan ta sake. Ta rufe ido, kuma ina tsammanin a bayan idon ta tara nata mutanen.

Abin da ya biyo baya har yau ba na iya raba shi da mafarki. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Siririn hasken nan ya taso daga ƙafar Baba ya hau gwiwata ya wuce. Yaya ta yi ta daka, na ji tabarya a cikin ƙwaryata. Ta yi ta hanyar rijiya, gogen na tafe a gefenta kamar ƙawar tafiya. Ƙahon da Baba ya raina, sojan ya cusa masa hularsa a baki, muryarsa ta koma can ƙasa, kamar saniya na kiran ɗanta daga bayan tudu. Ba ya shiga gabanta. Sai ta ajiye kalma yake ɗauka, ya ɗan juya ta, ya mayar mata. Na ga Baba yana gyaɗa kai ba da saninsa ba. Gumi na zuba, ba mai sharewa. Na ji kamar ɗakin ya tashi da mu, ya bi ta kan gonakin da aka girbe, ta kan garake da rijiyoyin arewa, ba mu taɓa ƙasa ba.

Waƙar reno aka bari a ƙarshe. Waƙa ce da uwa ke kiran yara ɗaya bayan ɗaya, tana faɗa wa kowa abin da ta ajiye masa: wannan dunƙulen fura, wancan 'yar ƙwarya, waccan zanen da bai ga ruwa ba. Kowace mace sunayen da take so take sakawa. In an kira suna, mai amshi ta amsa a madadin yaron: "Ga ni tahe." Yaya takan sa sunayen ƙannena da na yaran maƙwabta. A baitin ƙarshe kuwa takan ce, "Ga ruwan da na ɓoye ma rana," sai ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "zo ki sha." Ni kuma in amsa. Na daɗe ina jin wannan shirun. Na ɗauka numfashi take ja.

Da muka iso wurin, ta yi shirunta, sai sojan ya ga fili ya shiga da ƙahonsa, ya yi wata doguwar ƙawa mai daɗi. Baba ya ɗauke bakansa daga goge. Kiɗa ya tsaya.

"Kai, soja. Hita daga nan."

"Baba, wuri na gani ba kowa."

"Wurin ga shina da mai shi."

Mushe ya tsayar da zaren. Ya ce shi ma ya lura, kowane baiti da sunansa, wannan ne kawai babu, wanda ya ji a rediyo zai ce zaren ne ya tsinke. Ya dubi Yaya. "In sunan ya ɓace miki, ƙanwarki ta tuna miki mana." Ya nuna ni.

Sojan ne ya yi gyaran murya, ya ce a hankali, "Mushe, ba ƙanwarta ba ta. Ɗiyar hwari ta."

Saurayin ya dafe baki. Ɗan Hausa ne, ya san abin da ya taka. Tun safe yana jin ina cewa Yaya, bai kawo komai ba. Yaya ta ja gyalenta ta rufe rabin fuska. Ni kuwa sai a lokacin abin ya iso mini. Ruwan da aka ɓoye wa rana, nawa ne. Duk bikin da muka je, duk shirun da na ɗauka numfashi ne, ni ake kira, ni kuma ina amsa "ga ni tahe" ban san kiran nawa ba ne.

Mushe ya ba da haƙuri, sannan ya sassauta murya. "Inna, akwati ba mutum ba ne. Ba ya jin kunya, ba a jin kunyarsa. In kina so mu duka mu juya baya."

"Ba kai ka ce duk ƙasa za ta ji ba?"

"Haka ne."

"To."

Ban san ko wannan "to" ɗin yarda ce ko ƙi ba. Mushe ya ce pil ɗin akwatin, wato batirinsa, ya yi sanyi, bari ya canza. Na fita shan ruwa don kada a ga fuskata. Rana ta buge ni a ido, na tsaya jikin bango ina jin bugun zuciyata har cikin awarwayen nan. Na roƙi Allah abu guda, ƙarami, na ji kunyar roƙonsa. Da na koma, Yaya na gyara zama kusa da Baba, kamar ta gama faɗa masa wani abu.

"Silans."

Muka ɗauko waƙar daga farko. Ta kira ƙannena, na amsa. Ta kira yaran maƙwabta, na amsa. Hannuna na kan ƙwarya amma duk jikina ya koma ido, idon kuma na kan leɓenta. "Ga ruwan da na ɓoye ma rana." Leɓen ya buɗe. Na ga ya yi rawa. Sannan ya rufe. Ban ji komai ba, ko gogen, ko numfashin kowa. "Zo ki sha," in ji ta. Na amsa, don aikina ne, amma muryar da ta fito ƙarama ce.

Mushe ya ce waƙar ta yi, ba sai an sake ba. Ya ce mu zauna mu saurara. Na ce mai gidana na jira. Na zare awarwayen zan ba ta, ta ce wa bango, "Sun yi mini nauyi. A bar su can." Na tafi da su gida, raina a ɓace. Na ce a zuciyata, ƙofa ta buɗe har haka, an roƙe ta, an ba ta hanya, ta ƙi. Ban faɗa wa kowa ba. Na ci gaba da yi mata amshi, sai dai in an zo baitin nan nakan sunkuyar da kai.

Da bazara ciwo ya kwantar da ita. Bai daɗe ba. Ina gefenta har ƙarshe, ina ba ta ruwa a ludayi, kuma ko a nan "ke" ce. Ranar da aka kai ta na ce shi kenan, abin da nake jira an rufe shi da ƙasa. Ba zan tsawaita a nan ba.

Ruwan farko ya sauka, mutane sun fita shuka, sai ga sojan a ƙofar gidanmu. Ya ce Mushe ya aiko daga Yamai, ranar Jumma'a da la'asar za a sa waƙoƙin. Na ce ba zan iya ba. Ya ce Baba ya ce in ban zo ba shi ma ba zai saurara ba. Mai gidana ya ce in je.

A zauren sojan muka zauna, mu uku, rediyon na kan turmi da aka kife. Ƙasa na ƙamshin ruwa, hadari na haɗuwa ta gabas. Akwatin ya yi ta shuu, sannan ga ta. Ba ciwo a muryar, ba gajiya. Ta daka, ta je rijiya, ta raka amarya. Na ji ƙwaryata, na ji ƙahon yana bin ta a baya. Har kurciyar nan na ji can nesa, ashe ba ta tafi ba. Na rufe ido, ɗakin barguna ya dawo, siririn hasken ya hau gwiwata.

Aka zo ta reno. Na so in tashi, Baba ya ɗora sandarsa a kan gefen zanena. A wannan karon ba leɓen da zan kalla. Kunne kawai gare ni.

"Ga ruwan da na ɓoye ma rana."

Ta yi shiru. A cikin shirun, gogen ya yi magana. Can ƙasa, a hankali, ya hau inda sunana ke hawa, ya sauka inda yake sauka, ya ja ƙarshensa yadda Yaya ke jan kalma kafin ta ajiye. Duk wanda ya san goge ya san yana kiran mutum. Sunana ne, ba na wata ba.

"Zo ki sha."

"Ga ni tahe," na ce. Da ƙarfi na faɗa, a zauren mutane, na riga wadda ke cikin akwatin.

Ba wanda ya dube ni. Sojan ya tashi ya tsaya bakin ƙofa yana kallon hadari, kafaɗunsa na motsi. Da waƙar ta ƙare ya kashe rediyon. Sannan na ce, "Baba, kai ka ga dama ka yi?"

"Ni? Shekara nawa ina bin waƙar ga, kin taɓa jin na sa baki a wurin?" Ya gyara riƙon sandarsa. "Da kika hita shan ruwa ta matso. Ta ce, Baba, bakina ba shi iyawa. Ara mini naka."

"Ba ta ce ka hwaɗa mini ba?"

"Ta ce in ke ɗiyata ta, za ki ji."

Ruwa ya fara sauka. Na taka zuwa gida a cikinsa ban yi sauri ba, awarwayen na magana a hannuna.

Baba ya rasu, sojan ya rasu, ban sake jin labarin Mushe ba. Ban san ko zaren nan yana wani wuri ba, ban kuma nema ba. Sau ɗaya na ji shi, ya ishe ni. Da na haifi nawa ɗan fari, ni ma ban kira sunansa ba, bakina bai iya ba. Amma in ina daka yana wasa a gefe, nakan yi masa shi da hanci, hawa da sauka, ba kalma. Wata rana ya ɗago kai ya ce, "Na'am?" Na ce ba da shi nake ba.

Sunan nawa ba zan rubuta shi a nan ba. Na bar shi inda ta ajiye. Abin da yinin nan ya koya mini shi ne, na zuba ido a kan baki ina jiran abin da nake so ya fito ta nan, har ya zo ta gefena ban ji ba, na yi watanni ina fushi da wadda ta riga ta ba ni. In kina da wanda ke yin shiru a wuri guda kullum, kada ki yi saurin cewa ba komai a ciki. Ki saurara tun yana da rai. Wataƙila ke ake kira.